Ikrima da Gilashin Motar Hajiya Falta

Wannan abu a gaban idona aka yi shi, a wani ƙauye da ke tsakanin Tsanyawa da Kunci. Sunan ƙauyen ya kwanta mini, kamar yadda sunaye da yawa suke kwanta mini yanzu, amma ina tuna darbejiyar da ke ƙofar gidan Ikrima, domin a gindinta nake shimfiɗa buzuna duk lokacin da yawo ya biyo da ni ta can. Farkon damina ne, ana tsakiyar huɗa. Ranar kuwa ko Talata ce ko Laraba. Mu bar ta a Laraba, ba wanda zai kai mu ƙara.

Akwai wani saurayi ɗan ƙauyen mai suna Basiru, direban Hajiya Falta. Ita Hajiya Falta 'yar kasuwa ce a Kano, kakanninta daga Borno suka zo, tana sayen albasa da tumatir a hannun manoman dam ɗin Watari. Mace ce mai kirki, amma idan ta ɗaga murya ko akuya sai ta daina tuƙa. Ta zo Tsanyawa bikin suna, ta ce wa Basiru ya ajiye motar a inuwa, kada ya gusa ko'ina, ya ɗauke ta bayan la'asar. Basiru ya duba, ga ƙauyensu nan kusa, ga shi mahaifiyarsa ba ta taɓa ganinsa a bayan sitiyari ba. Sai ya ce bari ya je ya gaishe ta ya dawo. Wa zai sani?

Motar irin ta zamani ce, wadda suke kira haibirid, mai cin mai kuma mai cin wuta. Tana da wani ƙaton batir a ƙarƙashin kujerar baya, kuma idan tana tafiya a hankali ba ta ƙara ko kaɗan, sai dai ka ga ta wuce ka kamar kyanwa. Wannan shirun nata shi ya jawo abin. Basiru ya shigo gari a sulale, ya zo daidai wani san huɗa da ake dawowa da shi daga gona. Sa bai ji zuwan komai ba, sai kawai ya ga baƙin abu a gefen kunnensa. Ya kaɗa kai, ƙaho ya sami gilashin ƙofar baya, tas! Gilashi ya zube ƙasa kamar gishiri.

Basiru ya gangara da motar gindin darbejiya, ya fito ya ɗora hannu a ka. Ya dubi tagar, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗowa.

"Shi ke nan, aikina ya tafi," ya ce. "Idan Hajiya ta ga wannan ta kore ni. Idan kuma ruwa ya shiga ya taɓa batir, har jikokina sai ta kora."

Yana cikin haka sai ga Ikrima ya fito daga gida yana sakace. Shi wannan Ikrima, a ƙuruciyarsa ya taɓa zama a Kano yana sayar da rake a ƙofar wani gareji. Tun da ya dawo bai yarda a kira shi da wani suna ba sai Injiniya. Ya taɓa gyara rediyon liman, har yau rediyon ba ta kama komai sai idan an ɗora ta a kan tulu.

"Kai yaro, wa ya mutu?"

"Kawu Ikrima, gilashi ne."

"Injiniya."

"Injiniya, gilashi ne. Kuma kafin in je Kano in dawo la'asar ta wuce."

Ikrima ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa, ya yi wata 'yar dariya ta manya.

"Wannan ce ta ɗaga maka hankali? Ni da na sa wa jirgin sama gilashi yana cikin tafiya? Kafin a kira azahar za ka ga taga sabuwa. Hajiya ma sai ta ƙara maka matsayi. Kunna ta in ji lafiyarta."

Basiru ya shiga ya danna maɓalli, ya fito. Ikrima ya kara kunne a jikin motar, ya daɗe yana saurare.

"Ka kunna mana."

"A kunne take, Injiniya."

"To ta suma. Ba komai, zan farfaɗo da ita daga baya. Bar ta haka."

Kafin ka ce me, jama'a sun taru. Masu dawowa daga gona suka jingine fartanyu, masu tallar ƙosai suka sauke faranti. Ikrima ya shiga gida. Matarsa Aina'u ta tafi niƙa, don haka ba wanda ya hana shi. Ya nufi kabad ɗinta na jere, wanda iyayenta suka kawo ta da shi, ya kwance gilashin ƙofarsa, ya fito da shi a hammata.

Aka kara shi a tagar mota. Sai aka ga matsala: gilashin kabad a miƙe yake sak, tagar mota kuwa tana da ɗan doro.

Zubair mai aski, wanda rumfarsa ke kallon darbejiyar, ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan ai ba za su yi zaman aure ba. Ita a karkace, shi a miƙe."

"Kai dai ka tsaya a kan ƙeyar mutane, a nan iliminka ya ƙare. Ka taɓa ganin yadda Fulani suke gyara sanda? A shafa mata man shanu, a tura ta cikin toka mai zafi, a ɗora a gwiwa. To abin da ya miƙar da karkatacciyar sanda, shi zai karkata miƙaƙƙen gilashi. Turawa ma haka suke yi, ɓoyewa kawai suke yi."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, domin kowa ya san haka ake yi wa sanda. Aka kawo man shanu a ludayi. Aka hura wuta da karan dawa, aka bari ta yi garwashi. Ikrima ya shafe gilashi ciki da waje har yana ɗiga, ya yi bismilla, ya tura shi cikin toka. Ya tsuguna, ya naɗe wando, ya shirya gwiwa.

Gilashin bai jira gwiwa ba. Sai muka ji fau! Toka ta yi sama, kaji suka yi ta kansu, Ikrima ya koma fari fat tun daga hula har gemu. A daidai nan Aina'u ta iso da ƙwaryar gari a ka.

Ta dubi tokar, ta hango ɗan mariƙin ƙarfe mai siffar fure da ke jikin gilashin, ta gane shi.

"Malam, wannan ba ƙofar kabad ɗina ba ce?"

"Da ita ce. Yanzu ta shiga aikin injiniya."

"Ka toya mini kabad? Da man shanun da na ɓoye don baƙi?"

"Jabu ne gilashin, Aina'u. Na ma yi miki gata da na tona asirinsa."

"Jabu? Shekarunsa nawa a ɗakina bai ce uffan ba, sai yau da ya haɗu da kai! To saura gishiri da yaji, ka ƙarasa, mu ci da rana."

Jama'a suka fashe da dariya. Basiru kuwa bai yi ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya duba, ya mayar da ita kamar ya taɓa kunama.

"Hajiya ce," ya ce a hankali.

"Bar ta ta huta," in ji Ikrima, yana kakkaɓe gemu. "Dama gwaji na yi. Yanzu za a fara aiki."

Idonsa ya sauka a kan rumfar Zubair, inda babban madubin aski yake rataye.

"A'a," in ji Zubair, tun kafin a yi magana.

"Aro ne. Ka san wa zai gani? Hajiya za ta shiga Kano da madubinka, manyan mutane su duba fuskarsu a ciki. Gobe a ce madubin Zubair ya je birni, kai ko Bichi ba ka wuce ba."

"Da me zan nuna wa mutane askinsu?"

"Dama gara kada su gani."

Ban san yadda aka yi ba, a nan tunanina ya ɗan yi rami, amma dai na tuna an sauko da madubin, Zubair yana biye yana riƙe da gefensa kamar mai raka gawa.

Ikrima ya ce sai an buɗe cikin ƙofa tukuna. Ya kawo wuƙar yankan rake da ya ajiye tun zamanin Kano, ya cusa a gefen fatar ƙofa, ya banƙara. 'Yan robobin da suka riƙe ta suka riƙa karyewa, ƙas, ƙas, ƙas.

"Injiniya, karyewa suke yi!" in ji Basiru.

"Gaisuwa suke yi. Sun ga gwani."

Ya kwance kusoshi ya zube su a kan rairayi. Wani zakara ya zo ya tsinci ɗaya ya ruga, aka bi shi har bayan masallaci, ba a samu ba. Ikrima ya ce dama kamfani yakan sa kusoshin da suka yi yawa don burga. Ya tura kai cikin ramin ƙofar, yana leƙen wayoyi, yana yi wa jama'a bayani da murya mai amo.

Ita kuwa wannan mota, na ji daga baya, idan an bar ta a kunne wutar batir ta yi ƙasa, da kanta take tayar da inji. Babu wanda ke cikinta, babu wanda ya taɓa komai, sai kawai ta ɗauka, gurrr!

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Masu ƙosai suka bar faranti. Wani dattijo da ake cewa ƙafarsa ta shanye ya tsallake katanga. Ni kaina sai na tsinci kaina a bayan darbejiya da carbi a hannu, ban san wa ya kai ni ba. Ikrima ya zaro kai, ƙofa ta riƙe hularsa, ya faɗa da baya cikin kaskon wata mai suyar ƙosai da ke gefe, Allah ya sa man ya huce.

"Ba ita kaɗai ba ce! Akwai mutanen ɓoye a ciki!" wata tsohuwa ta yi ihu daga nesa.

"Ku dawo, haka take yi!" in ji Basiru. Ba wanda ya ji shi.

Ikrima ya miƙe, mai yana ɗiga daga bayansa. Ya ga kowa na kallonsa, sai ya gyara tsayuwa.

"Me kuke gudu? Ba na ce zan farfaɗo da ita ba? Jijiyarta na taɓa."

"To kai me ya kai ka kasko?" in ji Aina'u daga ƙofar gida.

"Hanya na ba ta."

Yana rufe baki, motar ta ɗauke ɗif, ta koma shiru.

"Kun gani? A zuci na ce mata ya isa."

Jama'a suka dawo da kaɗan kaɗan, kowa da addu'a a baki. Ikrima ya ɓalle katakon madubi, ya zura shi cikin ƙofa, fuskarsa tana kallon waje. Sama ya yi gibi, gefe ya yi gibi. Ya toshe da ƙaro, ya ɗaure da tsohon tib na keke, inda ya rage ya cusa tsumma. Da ya ja da baya, ga ƙauye duka a jikin motar Hajiya. Mata suka matso suna gyara ɗaurin kallabi. Dattijon nan da ya tsallake katanga ya tsaya yana duban haƙoransa.

"Injiniya," in ji Basiru, "wanda ke ciki ba zai ga waje ba."

"Me Hajiya za ta gani a waje? Gonaki? Ba ta taɓa ganin gona ba? Baƙin gilashi ya tsufa, yanzu madubi ake yayi."

"Kuma tana son ta riƙa saukewa idan za ta yi ciniki."

"Zai sauka har ya yi mata sujada. Kauce."

Ikrima ya buɗe gaba, ya zauna a kujerar direba da man ƙosansa. Ya ga wani abu a ƙasa kamar matakin ƙafa, ya ɗora ƙafa a kai, ashe birki ne. Ya fara danna duk abin da ya gani. Abin share ruwa ya tashi. Fitilu suka kama ƙiftawa. Ya kama giya ya ja, ya ce wannan na gyaran kujera ne. Can dai yatsansa ya faɗa kan maɓallin taga. Ƙarfen da ke cikin ƙofa ya taso, ya sami madubi ta inda bai dace ba. Ƙarararas!

Zubair ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ya je birnin ke nan?" ya ce.

Ikrima ya leƙo da kai ta taga, ya juya baya yana fuskantar jama'a don ya yi musu bayani. Garin juyawa ya ɗauke ƙafa daga birki. Motar kuwa ta fara tafiya, shiru, ko tari babu.

"Jama'a, abin da kuka gani shi ake kira gwajin ƙarfi," ya fara. "Duk madubin da bai... To ina kuma za ku? Ku tsaya mana in gama!"

"Mu muna nan! Kai ne kake tafiya!"

"Kada ku raina mini hankali. Motar da ba ta ƙara ce za ta tafi? Ku matso, kun yi nisa!"

"Birki, Kawu! Taka birki!" Basiru ya bi shi a guje.

"Injiniya!" Ikrima ya gyara masa, sannan ya waiwaya gaba, ya ga rumbunsa na ƙasa, wanda ke gefen gida cike da tsabar gero, yana nufo shi. Ya yi salati, ya murɗa sitiyari, ya taka abin da ƙafarsa ta samu. Motar ta zabura, ta goge duwatsun da rumbun ke zaune a kai, sannan Basiru ya cim mata, ya faɗa ta taga ya kashe ta.

Rumbu ya yi tangaɗi kamar mai tunani. Ya karkata a hankali, ya jingina da motar, cikinsa ya tsage daidai tagar da babu gilashi. Gero ya fara kwarara ciki, shaaa, har ya cika kujerar baya.

Ana cikin haka ne muka ji ƙarar babur. Ɗan acaɓa ya tsaya, wata mata ta sauko da lafaya mai ruwan zuma, ta gyara ta a kafaɗa. Hajiya ce da kanta. Labari ya riga ya kai Tsanyawa, har an ƙara masa cewa motar ta yi magana.

Hajiya Falta ta zagaya motar. Ta dubi fatar ƙofa a ƙasa, ta dubi tsumma da tib, ta ɗebi gero a hannu ta murza.

"Geron dai mai kyau ne," ta ce. "Basiru."

"Na'am, Hajiya." Ya durƙusa.

"Nan ce inuwar da na ce ka ajiye ta?"

"Inna na zo gaisarwa, Hajiya. Na yi laifi."

"Ka gaishe ta?"

"Ban ma kai gidan ba."

"Allah Sarki. Wannan kuma wane ne, mai ƙamshin ƙosai?"

Ikrima ya fito yana gyara riga. "Injiniya Ikrima, ranki ya daɗe. Aikin ya kusa ƙarewa, saura ɗan gyare-gyare."

"Mijina ne, Hajiya," in ji Aina'u. "Idan kina so, ki haɗa da shi."

Sai ga iska mai sanyi ta taso, aka fara yayyafi. Mata suka rugo da ƙore da buhuna suna kwashe gero, maza suka tallafe rumbu aka janye motar. Hajiya ta dubi sama, ta dubi tagar, sannan ta miƙa hannu ta zare faifan da ke kan ƙwaryar Aina'u.

"Injiniya, ka ce za ka sa wa motata gilashi?"

"Na faɗa, kuma ban janye ba."

"Madalla. Shiga baya. Riƙe wannan, ka toshe taga da shi da bayanka. Daga nan har Kano kai ne gilashin." Ta juya ga Basiru. "Kai kuma saurara. Idan muka isa ruwa bai taɓa batir ba, kana nan a kan aikinka. Idan ya taɓa, ku biyun ku dawo a ƙasa. Je ka gaida innarka da gudu, ka ce ina gaishe ta."

Basiru ya tafi ya dawo kamar walƙiya. Aka cusa Ikrima a baya, ya zauna a kan ragowar geronsa, ya kafa faifai a taga, ya tokare da kafaɗa. Hajiya ta zauna a gaba. Har mota ta fara sulalawa sai ta ce, "Tsaya. A sauke gilashi, zan yi sallama da mutane."

Faifai ya yi ƙasa a hankali. Fuskar Ikrima ta bayyana, rabi toka rabi mai.

"Jama'a, sai wata rana. Mai aski, ka zo Kano ka same ni a kan madubinka. A ɗaga gilashi."

Faifai ya koma sama.

An ce ruwan da aka yi a hanyar nan ba a yi irinsa ba a daminar. An ce Basiru bai yi wata magana ba tun daga ƙauyen har birni sai, "Injiniya, don Allah riƙe da kyau." Shi kuwa gilashi yana ta atishawa, amma bai saki ba. Da aka isa aka ɗaga kujera, batir a bushe ƙayau. Basiru yana nan yana tuƙa Hajiya har gobe, sai dai idan ta sauka, da makullin take shiga.

Da yawo ya sake biyowa da ni ta ƙauyen, na tarar da Ikrima a gindin darbejiya, murar ta sake shi, ya tara mutane.

"Su makanikan Kano me suka iya?" yake cewa. "Gyaran mota kawai. Ni kuwa an ɗaura ni a jikin mota, na yi aiki har birni ko ɗigo bai wuce ni ba. Ni da kaina kayan gyara ne!"

Sai muka ji muryar Aina'u daga bayan katanga, tana tankaɗe:

"To Allah ya kawo mai saye."